Masu Gudun Hunturu

A watan Disamba na 1834 wata karusa ta iso bakin kogin Var, a kudu maso gabashin Faransa, masu gadin gada suka ce ba a wucewa. A wancan zamani kogin shi ne iyaka. Wannan gefe Faransa, wancan gefe garin Nice, wanda ke hannun Sarkin Sardiniya. Kwalara ta ɓulla a Marseille, sai aka rufe ƙofa ga duk mai fitowa daga Faransa, talaka ne ko basarake. Wanda ke cikin karusar kuwa Henry Brougham ne, mutumin da wata guda kafin nan yake riƙe da kujerar shari'a mafi girma a Ingila, yake kuma shugabantar majalisar masu sarauta. Italiya ya nufa. Girmansa bai buɗe masa gada ba. Ya juyo, ya sauka a masaukin wani mai suna Pinchinat a Cannes, ɗan garin masunta da bai kai mutum dubu biyar ba, da nufin ya huta ya ga abin da hali zai yi.

Bai tashi ba sai da ya sayi fili a gindin wani tudu da ke yamma da garin, Croix-des-Gardes. Ya gina gida, ya sa masa sunan 'yarsa Eléonore-Louise, wadda ta rasu a 1839 tana budurwa. Daga nan kusan kowane hunturu a can yake yinsa, har ranar 7 ga Mayu 1868 da ya mutu yana ɗan shekara 89. A Cannes aka binne shi.

Abin da ya sa na tono wannan labari shi ne hirar da ta yi yawa a tsakanin sa'o'ina. Duk wanda ajiye aiki ya matso masa, in dai yana da ɗan abin hannu, sai ka ji ana lissafin Alanya ta Turkiyya, ko Dubai, ko Iskandariya, ko Tanja. A miƙo maka waya ka ga hoto: baranda, kujera biyu, shuɗin ruwa har iyakar gani. Ni tarihi na koyar, don haka na kan koma inda aka fara abu in ga yadda ya kaya da na farko. Wannan al'ada ta mutum ya tsallaka ƙasar wasu ya gina gidan tsufa a bakin teku, a gaɓar kudancin Faransa ta yi jijiya kafin ta bazu. Kuma abin da na gani a tarihin gaɓar shi ne, teku ne abu na ƙarshe da ya raba wanda ya ji daɗin zama da wanda ya sha wuya.

'Yan ƙasar kansu ba su ɗauki bakin ruwa wurin zama ba. Tsofaffin ƙauyukansu, irin su Èze da Mougins da Saint-Paul, a kan duwatsu suke, tsohuwar unguwar Cannes ma a kan tudu take. Daga teku 'yan fashi ke fitowa su kwashi mutane, a fadamun bakin koguna kuma sauro yake da zazzaɓinsa. Ƙasa mai daraja ita ce mai zaitun da lemo da furen da ake kai wa masu haɗa turare a Grasse. Gangaren dutse mai fuskantar ruwa, wanda garma ba ta shigarsa, shi ne mai araha, shi ne kuma baƙo yake so. Mai fili yana ganin Allah ya kawo masa wawa, baƙo yana ganin ya tsinci dami a kala.

Shi ma baƙon ba wanka ya zo yi ba, hunturu yake gudu. Landan ta wancan ƙarni hayaƙin kwal ne da hazo da danshi, tarin fuka yana ɗibar mutane ba babba ba yaro, likita kuwa ba shi da abin bayarwa illa ya ce a sauya iska. Wani likita marubuci ɗan Scotland, Tobias Smollett, ya zauna a Nice daga 1763 zuwa 1765 saboda ciwon ƙirji. Mutum ne mai mita. Ya kushe abincinsu da tafarnuwarsu, ya kushe masu masauki, ya kushe sauro. Amma kullum yana rubuta yanayin gari a littafi, kuma lissafinsa ya nuna wa mutanen Ingila cewa akwai inda ake ganin rana a watan Janairu. Littafin tafiyarsa ya fito a 1766, masu tari da masu kuɗi suka fara biyo sawu. Su iso wajen Nuwamba, su tattara a Afrilu ko farkon Mayu. Da sanyi ya lalata lemon Nice a farkon shekarun 1820, gari ya cika da mabarata, wani limamin coci Bature, Lewis Way, ya tara kuɗi wurin 'yan uwansa aka ɗauki marasa aiki suka share hanyar yawo a bakin ruwa. Ita ce babbar hanyar gaɓar Nice ta yau, har gobe da sunan Turawan Ingila ake kiranta.

Ke nan Brougham bai ƙago komai ba. Abin da ya yi daban shi ne ya zaɓi inda babu kowa, ya kuma gina, maimakon ya kama haya.

Yana da kyau a san ko wane ne shi, don a gane abin da ya sa zaɓin ya yi masa kyau. Lauya ne mai kaifin harshe, shi ya kare Sarauniya Caroline a 1820 lokacin da mijinta Sarki George na Huɗu ya nemi rabuwa da ita. Shi ya kawo dokar 1811 da ta mai da fataucin bayi babban laifi ga ɗan Birtaniya, kuma yana kan kujera aka zartar da dokar 'yanta bayi ta 1833. Wannan ba za a ƙwace masa ba. Amma mutum ne mai ji da kai, mai surutu, wanda abokan siyasarsa suka gaji da shi. Da jam'iyyarsa ta dawo mulki a 1835 ba a kira shi ba, bai kuma sake riƙe muƙami ba har ya mutu. Gidan Cannes, a ganina, rabinsa wurin shan iska ne, rabinsa wurin jinyar zuciya. Mutum mai irin wannan ƙarfi da aka raba da aiki dole ya nemi inda zai zuba shi, sai ya zuba a kan garin.

Cannes ba ta da tashar jiragen ruwa ta kirki. Brougham ya san mutane a Paris, har fadar Sarki Louis-Philippe, ya yi ta matsawa, a 1838 aka fara ginin madatsar tashar da kuɗin gwamnati. Abokin sarki ai sarki ne. Garin kuma ba shi da isasshen ruwan sha, rijiyoyi ne da 'yan maɓuɓɓugai, rani kuwa a can wata uku ko huɗu ne da ƙyar ake ganin ɗigon ruwan sama. Ana ba da labarin cewa ciyawar farfajiyar Turawan nan duk shekara sai an sake ta, don zafin rani ya ƙone ta ƙurmus kafin masu gida su dawo. Ya shiga cikin masu neman a janyo ruwa daga kogin Siagne. Magudanar ta iso Cannes a 1868, 'yan watanni bayan an binne shi. Shekara talatin da uku ya yi yana da teku a ƙofar gida, ruwan famfo bai riske shi ba.

Sai maganar takarda, wadda ita ta fi ba ni dariya, ita ce kuma ta fi kama da zamaninmu. A 1848 aka yi juyin juya hali a Faransa, aka kori Louis-Philippe, aka kafa jamhuriya. Brougham, yana ɗan shekara saba'in ba kaɗan, ya rubuta wa sabuwar gwamnati yana neman a ba shi zama ɗan ƙasa, har yana hangen kujera a majalisar dokokinsu. Ministan shari'a, Adolphe Crémieux, ya amsa masa da ladabi cewa babu laifi, amma Faransa ba ta raba ɗa da kowa: in ya zama nasu, to ya ajiye zama ɗan Ingila, ya ajiye sarautarsa da duk abin da ke tafe da ita. Dattijo ya janye takardarsa, jaridun Landan suka samu abin ba'a. Ga mutumin da ya samo wa gari tashar jirgi, wanda daga baya za a kafa masa mutum-mutumi a tsakiyar garin, amma a idon doka baƙo ne mai gida. Haka ya zauna har ƙarshe.

Abin da ya fi buƙata bayan ruwa shi ne maƙwabta, domin tsufa a inda ba mai jin harshenka kurkuku ne. Ya yi ta rubuta wasiƙu yana yabon garin, yana gayyato abokai. Cikin waɗanda suka zo akwai Thomas Woolfield, wanda ya gane cewa akwai ciniki a nan: ya sayi fili, ya gina, ya sayar wa sabon zuwa, ya matsa gaba ya sake saye. Shi ya gina wa jama'arsu coci a shekarun 1850. Mai kula masa da lambu, wani saurayi John Taylor, ganin kowane baƙo shi yake tambaya ina ake samun gida, sai ya buɗe ofishin dillanci a 1864. Ofishin yana nan da sunansa har yau, yana sayar da gidaje ga attajiran duniya. Daga nan aka samu sana'ar da ta riƙe gaɓar: baƙon jiya shi ne dillalin baƙon yau. Shirun da arahar da suka tsayar da Brougham kuwa, shi da kansa ya kashe su da alƙalaminsa.

A gabas, kusa da iyakar Italiya, wani likita ne ya yi wa Menton irin wannan talla. James Henry Bennet ya iso a 1859 da tarin fuka, yana ganin mutuwa ya zo yi a wuri mai ɗumi. Sai ya samu sauƙi. A 1861 ya fitar da littafi yana bayanin yadda duwatsu suka kare garin daga iskar arewa, aka yi ta sake bugawa, aka fassara. Marasa lafiya suka yi ca daga Ingila da Jamus da Rasha. Bennet ya rayu har 1891, amma da yawa cikin waɗanda suka bi shawararsa ba su ga hunturu na biyu ba. Wanda ya hau maƙabartun da ke saman Menton zai ga sunaye da harsuna iri-iri, da yawansu 'yan shekara ashirin da wani abu. Mai zane Aubrey Beardsley yana cikinsu, ya mutu a 1898 yana da 25. Da Robert Koch ya gano ƙwayar cutar a 1882, aka tabbatar ana ɗaukarta, sai masu otal suka fara ƙyamar mai tari, likitoci suka koma tura mutane kan tsaunukan Suwizalan. Iskar Menton ba ta sauya ba, ra'ayin likitoci ne ya sauya, darajar wuri ta bi shi.

Sauran labarin manya ba sai an ja shi ba. Nice ta koma hannun Faransa a 1860, iyakar da ta tare Brougham ta gushe. Jirgin ƙasa ya iso Cannes a 1863, Nice a 1864, tafiyar makonni ta koma ta kwana ɗaya da wani abu. Sarauniya Victoria ta sauka a Menton a 1882, daga 1895 zuwa 1899 kuma duk shekara tana Nice, da barorinta Indiyawa da jakinta mai jan keke. Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam ya yi ta sayen filaye a Cap Ferrat da dukiyar robar Kwango, wadda kowa ya san yadda aka tara ta.

Inda nake so mai karatu ya tsaya shi ne 1915, domin a nan ne mutanenmu suka shigo labarin, ba da zaɓinsu ba. Ana cikin yaƙin duniya na farko, Faransa ta kwashi sojoji daga ƙasashen Afirka ta Yamma da take mulka. Sunan Senegal aka laƙaba musu duka, alhali akwai Bambara da Mosi da Fulani da Zabarmawa da Hausawa. Hukumar soja ta lura sanyin ramukan yaƙi na arewa yana kayar da su tun kafin harsashi: ciwon huhu, daskarewar yatsu, tarin fuka. Sai ta tsara a riƙa janye su idan hunturu ya kama, a kawo su kudu, a mayar da su fagen fama idan gari ya fara ɗumi. Aka kafa manyan sansanoni a Fréjus da Saint-Raphaël, tafiya kaɗan daga Cannes. Watannin da masu sarautar Ingila suka saba zuwa, su ne dai watannin da aka riƙa kawo waɗannan samari, dalilin ma ɗaya ne. A Afrilun 1917 aka fito da su cikin ruwan ƙanƙara zuwa harin Chemin des Dames, dubbai suka mutu ko suka ji rauni cikin 'yan kwanaki, wasu hannunsu ya ƙage ba sa iya riƙe bindiga.

Otal-otal ɗin Menton, da yaƙi ya kore musu baƙi, aka mai da su asibitocin soja. A ɗakunan da 'ya'yan attajiran Turai suka yi tari suka mutu, a nan samarin Sahel suka yi tari suka mutu. Sama da dubu na sojojin mulkin mallaka suna kwance a maƙabartar Trabuquet da ke saman garin, akasarinsu 'yan Afirka, kuma sai a 2012 aka kafa musu abin tunawa.

A Fréjus akwai wani gini ja da aka yi tsakanin 1928 da 1930, ana kiransa Missiri, an kwaikwayi masallacin Djenné amma da siminti, tsakiyarsa a buɗe ba rufi. Wani hafsa ɗan Afirka, Kyaftin Abdel Kader Mademba, yana cikin waɗanda suka kawo shawarar, don a rage wa sojoji kewar gida. Har da bukkoki da surin ƙarya aka jera a kewayensa don wurin ya yi kama da inda suka fito. Na tsaya a gabansa. Yana cikin shinge, ba a salla a ciki, motoci suna wucewa. Ban san ko in yaba wa masu ginin ba ko in ji haushinsu, don kuwa sun gane ciwon sarai, suka ba shi maganin da bai fi ƙarfin aljihunsu ba. Muna yara a Damagaram akwai 'yan mazan jiya da ke saka lambobinsu a ƙirjin riga ranar karɓar fansho, suna jefa kalmomin Faransanci na bariki a cikin hira. Wasunsu ta wannan gaɓar suka shiga Faransa a watan Agustan 1944, lokacin da rundunar da ta ƙwato Toulon da Marseille ta sauka a bakin ruwan. Ba mu taɓa tambayarsu yadda tekun yake ba, su ma ba shi suke ba da labari ba, sanyi suke faɗa.

Juyewar kaka daga hunturu zuwa rani ta zo a makare. Har shekarun 1920 otal-otal rufewa suke yi idan zafi ya shigo, ana ganin mai hankali ba ya zama. A 1923 wasu Amurkawa mata da miji, Gerald da Sara Murphy, suka shawo kan mai wani otal a Antibes ya bar musu ƙofa a buɗe, suka share yashin bakin ruwa, abokansu masu zane da marubuta suka biyo su. Baƙin rana a fata, wanda da alamar ɗan ƙodago ne, ya zama ado. A 1936 gwamnatin Faransa ta ba ma'aikata hutun mako biyu da albashi, talaka ma ya ga teku. Bayan yaƙin duniya na biyu aka yanka lambunan manyan gidaje, aka jera benaye, malamin makaranta da ma'aikacin gidan waya suka iya sayen ɗaki biyu da baranda su ci fanshonsu. Da wurin ya yi tsada, al'adar ta tsallaka Sifaniya da Fotugal, ta ci gaba da neman inda ya fi araha, ga ta yau a Turkiyya.

Simintin da aka zuba a gangaren duwatsu yana da nasa bashi. Ranar 3 ga Oktoba 2015 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya tsakanin Mandelieu da Antibes, ƙasa ba ta da inda za ta sha, mutum 20 suka mutu. Wasu a garejin ƙarƙashin bene ruwa ya rutsa da su sun je fitar da mota, uku kuma a wani gidan kula da tsofaffi a Biot. Tun 1986 akwai dokar da ta hana sabon gini cikin mita 100 daga bakin ruwa a wajen gari, amma ta iske an riga an gina. Yashin bakin teku kuwa na jama'a ne, ko gidanka ya jingina da shi. A 2015 ɗin dai aka rufe wani ɗan bakin ruwa a Vallauris saboda Sarki Salman na Saudiyya ya sauka a gidansa, sama da mutum dubu ɗari suka sa hannu a takardar ƙorafi, sarkin ya yi kwana takwas ya wuce Maroko.

Shugabannin Afirka ma sun yi nasu lissafin a wannan gaɓa, kuma bai cika fita daidai ba. Mobutu yana da katafaren gida a Roquebrune-Cap-Martin, a nan ya yi jinya a ƙarshen 1996. Da mulki ya suɓuce masa a watan Mayun 1997 bai samu komawa cikinsa ba, a Rabat ya mutu a watan Satumba, a can aka binne shi. Wanda ya fi taɓa ni shi ne Ahmadu Ahidjo, ɗan Garwa, wanda ya sauka daga mulkin Kamaru da kansa a Nuwamban 1982. Yana da gida a Grasse, garin turaren nan da ke hango teku daga tudu, bayan Cannes. Gidan hutu ne a lokacin da yake da inda zai koma. Da suka ɓata da magajinsa, aka yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa a 1984, sai hutu ya zama gudun hijira, yana kai da kawowa tsakanin Faransa da Senegal. Ya rasu a Dakar ranar 30 ga Nuwamba 1989, aka binne shi a maƙabartar Yoff. Matarsa Germaine ta yi shekara sama da talatin tana neman a mayar da shi Garwa da girmamawar da ta dace da tsohon shugaba, ta rasu a 2021, aka kwantar da ita kusa da shi.

To yau fa, in wani daga cikin sa'o'ina ya ce shi Faransa yake so? Sayen gida ba ya ba shi izinin zama. Da bizar ziyara kwana 90 yake da su cikin kowane 180, kuma tun farkon 2021, bayan da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai, jikokin waɗanda suka gina Cannes ma wannan ƙidayar suke yi da yatsa. Mai son ya zauna sai ya nemi doguwar biza, ya nuna kuɗin shiga da inshorar lafiya, ya yi alkawarin ba zai yi aiki ba, ya riƙa sabuntawa. Dokarsu ba ta ba da takardar zama ga wanda zai zauna da mace fiye da ɗaya a ƙasar, wannan kaɗai ya isa ya rufe hirar a wasu gidaje. Kuɗin rajista da haraji a kan tsohon gida ya kan kai kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na farashinsa. Gado kuma, a tsarinsu 'ya'ya suna da kason da ba a taɓawa, rabi in ɗa ɗaya ne, kashi biyu cikin uku in biyu ne, uku cikin huɗu in sun kai uku, kuma mace da namiji daidai. Tun 2015 baƙo yana iya rubuta wasiyya ya zaɓi dokar ƙasarsa, amma sai ya rubuta ɗin tun yana da rai, kuma ko ya rubuta kotunsu tana da ta cewa.

Sai kabari, wanda ba ya cikin hoton da ake nunawa a waya. A Faransa ba a binne mutum sai cikin akwati, ba kuma kafin awa 24. Maƙabarta ta gari ce, ta kowa da kowa, ware wa Musulmi ɓangare mai fuskantar alƙibla yana hannun magajin gari, in ya ga dama. Ramin ma haya ne: shekara 15, ko 30, ko 50, na dindindin sai inda ake bayarwa kuma da tsada. In wa'adi ya cika babu wanda ya zo ya sabunta, gari ya karɓi wurinsa a kwashe ƙasusuwa. Shi ya sa 'yan ci-rani da yawa suke biyan kuɗin asusun mayar da gawa gida duk shekara. A 2020, da annoba ta tsayar da jirage, aka rasa inda za a kai wasu.

'Yan mazan jiyan nan kuwa, takarda ta yi musu aiki ne ta ɗaya gefen. Dokar 1959 ta daskarar da fanshonsu a kan abin da yake lokacin samun 'yancin ƙasashensu, abokin yaƙinsu Bafaranshe nasa yana ta hawa. Sai da aka yi shari'a, majalisar ƙoli ta shari'ar gwamnati ta ba iyalan wani tsohon soja ɗan Senegal gaskiya a 2001, aka yi ta jan ƙafa har 2011 kafin a daidaita. Waɗanda suka zo Faransa neman haƙƙinsu suka samu tallafin tsofaffi, kimanin yuro 950 a wata, amma da sharaɗin su zauna a ƙasar aƙalla wata shida duk shekara. Attajiri yana ƙirga kwana don kada ya wuce, su suna ƙirgawa don kada su gaza, a 'yan ɗakunan gwauraye a Bondy, bayan birnin Paris, iyalinsu suna Afirka. A Janairun 2023 gwamnati ta ɗage musu sharaɗin. Ranar 28 ga Afrilu tara daga cikinsu, waɗanda suka yi yaƙin Indochina da na Aljeriya, suka hau jirgi zuwa Dakar, ƙaraminsu yana da shekara 85, babbansu 96. Duka waɗanda sassaucin ya tarar da rai ba su kai hamsin ba.